BIRKI YA KAMA YA ƘI SAKI: Gargaɗi Ga Masu Sauya Birkin Kwano Zuwa Na Faifai

Daga Wakilinmu a Agege

Masu iya magana sun ce garin neman gira akan rasa ido. Wannan karin magana shi ne ya faɗo mini a rai ranar wata Talata da hantsi, ina tsaye a bakin titi tsakanin Ojota da Ogba, ina duban a-kori-kurar kawuna, ƙafafunta suna hayaƙi, ga kwandunan tumatir jibge a baya rana tana dukansu. Motar ba mutuwa ta yi ba. Inji yana aiki lafiya lau, giya tana shiga, amma ko taku ɗaya ta ƙi yi. Birki ne ya kama ya ƙi saki.

Shi kawun nawa ya fi shekara 20 yana jigilar kayan gwari daga kasuwar Mile 12 zuwa Agege da tsohuwar Peugeot 504, irin wadda kamfanin haɗa motoci na Kaduna ya riƙa fitarwa. Birkin gabanta na faifai ne tun daga masana'anta, na baya kuwa na kwano. Sai abokan aiki a tasha suka yi ta zuga shi cewa ai yanzu an daina yayin kwano, ya cire ya sa faifai a baya, zai ga yadda mota ke tsayawa. Ya kai wa wani bakanike, aka sayo faifai da kalifa 'yan Beljiyam, aka ƙera musu mazauni, har ma aka sake masa masta da ta wata mota dabam. Da aka gama aka zaga unguwa sau ɗaya, birki ya kama tsaf, kowa ya yi murna, aka biya kuɗi aka watse.

Washegari da muka ɗauko kaya muka shiga gosulo, sai mota ta fara nauyi kamar ana janta ta baya. Kawu ya ƙara totur, nauyi ya ƙaru, can sai ƙauri ya cika mana hanci. Muka samu da ƙyar muka raɓe a gefe. Bayan kamar minti 40 da ƙarafa suka huce sai ta saki don kanta. Muka tashi, ba mu yi nisa ba ta sake kamawa. Sai a karo na uku kawu ya haƙura ya buga wa wani dattijon bakanike na nan Agege waya.

Da dattijon ya iso bai taɓa taya ba tukuna. Tambaya ɗaya ya yi, ƙafa nawa ce ta yi zafi. Aka ce masa duka huɗun. Sai ya buɗe bonet, ya ɗauki sifana, ya sassauta noti biyu da ke riƙe da masta, ya ce a tura. Yaron mota shi kaɗai ya tura ta, ta gangara. Dattijo ya dubi kawu ya ce, "Alhaji, birkinka lafiyarsa ƙalau, sanda ce ta yi tsawo." Gyaran bai kai rabin sa'a ba, amma kafin mu isa kasuwa la'asar ta yi, tumatir ya yi laushi, masu saye suka taya yadda suka ga dama.

Tun daga ranar na shiga bin garejin Agege ina tambaya, na kuma tarar ba kawu kaɗai wannan abu ya taɓa samu ba. Don haka na ga ya kamata in kawo wa masu karatu, musamman direbobinmu da masu motocin haya, bayanin abin da ke jawo wannan ciwo da yadda ake gane shi, domin kada a yi ta sayen kaya ana sakewa a banza.

BAMBANCIN KWANO DA FAIFAI

Birkin kwano, wanda bakanikai ke kira daram, takalma biyu ne a cikin wani kwanon ƙarfe. In an taka birki sai mai ya buɗa su su dafe jikin kwanon, in an ɗaga ƙafa kuma sai sifirin masu ƙarfi su fizgo su su koma mazauninsu. Shi kuwa na faifai, faifan ƙarfe ne yake juyawa tare da taya, kalifa kuma ta rungume shi kamar muƙamuƙi, tana matsa shi da fad biyu dama da hagu.

Birkin faifai ba sabon abu ba ne. Wani Bature mai suna Frederick Lanchester ya yi rajistar irinsa a Ingila tun 1902. Ya yi suna sosai bayan da motar Jaguar mai irin wannan birki ta ci tseren Le Mans a Faransa a 1953, sa'an nan a 1955 kamfanin Citroën ya fito da shi a gaban motarsa DS. Amfaninsa a fili yake: iska tana dukansa yana saurin hucewa, in mota ta ratsa ruwa yana saurin bushewa, kuma sake fad bai kai wahalar sake takalmin kwano ba. A gari irin Legas mai ruwan sama da kwatami, ba abin mamaki ba ne direba ya yi sha'awarsa.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Kalifa ba ta da sifirin da zai janye fad daga jikin faifai. Wata 'yar roba ce kawai da ke zagaye da fistin take ɗan ja da shi baya, da tazarar da ido ba ya ko gani. Saboda haka matsin mai ɗan kaɗan da birkin kwano ba zai ko ji shi ba, ya isa ya sa fad ya yi ta gugar faifai. Guga tana kawo zafi, zafi yana sa mai ya kumbura, in kuwa man ba shi da hanyar komawa sai ya ƙara matse faifan. Haka abin zai yi ta hauhawa har mota ta tsaya cik. Wannan shi ne dalilin da ya sa take kamawa bayan an yi tafiya, ta kuma saki in ta huce.

ƊAN RAMIN DA KE CIKIN MASTA

A cikin masta, ƙarƙashin kofin da ake zuba man birki, akwai wani ɗan rami da bai fi bakin allura ba. Duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafarsa, fistin masta yana komawa baya ya buɗe wannan rami, mai ya samu hanyar komawa kofi. In wani abu ya hana fistin komawa ƙarshensa, rami ya toshe ke nan, mai ya zama ɗaurarre.

Abin da ya fi jawo haka shi ne abin da ya samu kawu. Tsakanin sarbo, watau wannan baƙin tulu da ke taimaka wa ƙafar direba, da masta, akwai wata 'yar sanda da ke tura fistin. Kowace masta da zurfin mazaunin sandarta. In aka ɗauko ta wata mota aka ɗaura ba a auna ba, sandar tana iya tokare fistin tun kafin a taka birki. Abin da ake so shi ne a bar tazara 'yar kaɗan, wajen rabin milimita, kamar kaurin takarda biyar in an haɗa. A motoci da yawa kan sandar yana da zare, ana iya murɗa shi a rage tsawo.

Ba sanda kaɗai ke yin haka ba. In sifirin da ke mayar da fedar birki sama ya mutu, ko an ɗaure makunnin jar wutar baya ya shigo ciki da yawa har ya tare feda, ko ma tabarmar ƙasa ta naɗe, duk sakamakon ɗaya ne. Shi ya sa ake son direba ya taɓa feda da hannu ya ji tana da ɗan wasa kafin ta fara tauri. Haka kuma in aka cika kofin mai har baki, ko ɗan hujin iska na murfinsa ya toshe, man da ya kumbura ba shi da wurin zuwa.

BAWUL ƊIN DA AKA MANTA

Dalili na biyu ya shafi tsofaffin motocin da aka ƙera da kwano. Masta ɗinsu sau da yawa tana da wani ɗan bawul a bakin bututu, wanda da gangan aka sa shi ya riƙa tsare ragowar matsi a cikin layi, domin robobin kwano su zauna daram kada iska ta shiga. Da ma'aunin da ake auna iskar taya, inda tayar ƙaramar mota ke ɗaukar wajen 30, wannan bawul yana riƙe kamar 10. Sifirin kwano ya fi ƙarfin wannan, amma kalifa ba ta iya ture shi. Faifai ba ya bukatar ragowar matsi, sai fa in masta tana ƙasa da kalifa, nan ma 2 ya isa.

Saboda haka wanda ya cire kwano ya bar tsohuwar masta da bawul ɗinta, ya sayi rigima da kuɗinsa. Magani shi ne a cire bawul na layin da aka mayar faifai, ko kuma, abin da ya fi, a sa masta wadda aka yi domin faifai, a kuma auna sandarta. Masu tsofaffin Volkswagen da Peugeot 404 masu kwano a gaba su lura da wannan ƙwarai.

TIYO, KALIFA DA MAI

In ƙafa ɗaya ce kawai ke zafi, to, a bar masta ta huta, a duba ƙafar. Tiyon roba da ke kai mai ga kalifa yana iya ruɓewa ta ciki alhali bayansa sumul. In an taka birki ƙarfin ƙafa yana tura mai ya wuce, amma wajen dawowa sai tsokar robar ta rufe hanya. Haka ma in tiyon ya yi gajere, ko an ɗaura shi a murɗe, ko an lanƙwasa bututun ƙarfe ya shaƙe wajen kai shi sabon mazauni.

Ita ma kalifa abin dubawa ce. Kayan Beljiyam da ake samu a Ladipo da Owode Onirin akwai nagari a ciki, amma kalifar da ta daɗe a ajiye dole a buɗe ta kafin a ɗaura. Tsatsa tana kama fistin, tana kama ƙusoshin nan biyu da kalifa ke zamewa a kansu. Ana wanke su a shafa musu giris na birki, ba giris na gama-gari ba, domin shi yana kumbura roba. Sa'an nan mazaunin da aka ƙera a wajen mai walda, in ya karkace ko kaɗan, kalifa ba za ta zauna a tsakiyar faifai ba, fad ɗaya zai yi ta ci ko ba a taka birki ba. A ƙafafun baya kuma a duba wayar hambirki, domin tsawon da ya dace da kwano ba lalle ya dace da kalifa ba.

Game da mai kuwa, a nan ne ganganci ya fi yawa. Man birki ba danginsu ɗaya da baƙin mai ko man giya ba. Ko kaɗan daga cikinsu ya shiga layi, ko aka wanke kayan birki da fetur ko kananzir, robobi za su kumbura, na cikin masta su toshe ɗan ramin nan. In haka ta faru babu gajeriyar hanya, sai an sake duk wata roba da man ya taɓa. A jikin gwangwani za a ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana shan danshin iska, in ya sha ruwa sai waɗannan su sauko zuwa wajen 140 da 155. Da irin laimar Legas, sake mai duk shekara 2 ba almubazzaranci ba ne. DOT 5 kuwa jinsinsa dabam, ba a gauraya shi da waɗancan.

YADDA AKE BIN SAWUN CIWON

Dattijon nan ya nuna mini cewa ba a binciken wannan ciwo sai lokacin da birkin yake a kame, domin in ya huce ya saki shaida ta gudu. Ga yadda ake bi daki-daki.

Da farko a kusantar da bayan hannu ga kowace ƙafa, ba tare da an taɓa ƙarfe ba, a ji wacce ke da zafi. In duka huɗu ne, ko biyun gaba tare, ko biyun baya tare, ciwon yana sama wajen masta. In ɗaya ce, yana wajenta.

Na biyu, a sa wa mota waigi, a ɗaga ƙafar da jak, a ɗan buɗe nonon da ake fitar da iska a jikin kalifa. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki, matsi ne ya maƙale. In an buɗe taya tana nan a kame, ba ruwan mai, sai a nemi tsatsa a fistin da ƙusoshi, ko karkatar mazauni, ko wayar hambirki.

Na uku, in an tabbata matsi ne, a rufe nonon, a sake sa birkin ya kama, sa'an nan a sassauta notin da ke riƙe da masta a ɗan jawo ta gaba. In taya ta saki, laifin yana bayan masta: sanda, ko feda, ko sarbo. Domin a raba gardama sai a mayar da notin, a kashe inji a cire tiyon iska na sarbo. In cire shi ne ya sa birki ya saki, a tuhumi sarbo tukuna.

Na huɗu, in jawo masta bai yi komai ba, a ɗan sassauta bututun da ke fita daga jikinta. In taya ta saki, ciwon yana cikin masta, ko bawul ɗin nan ne ko kumburarriyar roba. In ba ta saki ba, toshewar tana ƙasa, sai a yi ta bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya har a kai tiyo. Inda aka buɗe taya ta saki, to, abin da ya toshe yana tsakanin nan da mahaɗar da aka buɗe kafinta.

Duk wanda ya buɗe layi lalle ne ya fitar da iska daga baya, ya kuma kiyaye idonsa da fentin mota, domin man birki yana cin su duka biyu.

WANI KAMUN DABAM

Akwai wani irin kamu wanda ya fi wannan haɗari, domin shi ba ya ba da sanarwa. Mota tana tafiya lafiya, amma da an taka birki da ƙarfi sai tayoyin baya su daskare su ja a ƙasa, gindin mota ya juyo. In an taka birki nauyin mota gaba yake komawa, shi ya sa ƙafafun gaba ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Masu ƙera mota sukan sa wani bawul da ke rage ƙarfin da ke zuwa baya, a motocin ɗaukar kaya da yawa ma an haɗa shi da gadon baya, yana ƙara ƙarfi in an yi lodi, yana ragewa in mota ba kaya. An auna wannan bawul ne da kwano. In aka sa kalifa babba a baya, ko bakanike ya ga bawul ɗin ya dame shi ya cire ya yar, ma'auni ya rushe. Ranar da aka yi yayyafi, mota ba kaya, a kan gadar Pen Cinema ko a hanyar Ibadan, ranar ce za a gane kuskuren.

Motocin zamani masu ABS, wanda Mercedes-Benz ya fara sawa a manyan motocinsa a 1978, kwamfuta ce ke raba musu ƙarfin birki bisa lissafin kayan da aka ƙera su da su. Irin waɗannan ba abin da ya kai a bar su yadda suka fito.

ABIN DA BA A YI A HANYA

In birki ya kama maka a hanya, ɗan'uwa, kada ka ce za ka ƙara wuta ka kai gida. Zafin yana iya tafasa mai, in kuwa ya tafasa feda za ta tafi ƙasa salin-alin, wanda ke kukan birki ya yi yawa ya wayi gari ba shi da ko kaɗan. Zafin yana narkar da giris na boris, yana iya fasa taya, yana iya tayar da wuta. Kada kuma a watsa wa faifai ruwan sanyi yana da zafi, domin yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Mafi muni duka shi ne abin da waɗansu ke yi na daddatse bututu da guduma ko cusa ƙusa a kashe birkin ƙafa ɗaya. Motar da aka yi wa haka fizgewa take yi gefe guda in an taka birki, kuma rayukan mutane ne a ciki.

Bayan an gano ciwon an gyara, kada a manta da ɓarnar da zafi ya riga ya yi. A sake mai gaba ɗaya, a duba fad ko ya ƙone ya yi santsi, a duba faifai ko ya yi shuɗi ko ya tsage, a duba boris.

SHIN SAUYIN YA ZAMA DOLE?

Gaskiyar magana, ga motar kaya, kwanon baya da aka gyara da kyau ya wadatar. Toyota Hilux da kowa ke yabon ƙarfinta, shekara da shekaru tana fitowa daga masana'anta da faifai a gaba, kwano a baya. Sau da yawa wanda ke kukan birkinsa ba ya ci, takalmi ne ya cinye, ko mai ya tsufa, ko tiyo ya saki, kuɗin gyaransu kuwa bai kai na sauyi ba.

Wanda kuma ya ga lalle sai ya sauya, to, ya sauya gaba ɗaya: faifai, kalifa, masta da bawul su zama na mota iri ɗaya, tiyo sabo, mai sabo. Ya tsaya a auna sanda a gabansa. Kada ya yarda da zagayen unguwa. A yi tafiya ta kamar rabin sa'a har birki ya ɗauki zafi, a dawo a ɗaga kowace ƙafa a juya ta da hannu, sa'an nan a samu fili marar jama'a a gwada taka birki da ƙarfi, da kaya da kuma babu kaya.

Kawu dai ya bar faifansa, an rage sanda, an sake mai da fad, an kuma gwada motar a fili kafin ya koma Mile 12. Ga 'yan'uwa masu shirin ɗaukar iyali zuwa gida da Salla, ta Ilorin da Jebba ko ta Lokoja, tafiyar nan ta fi kilomita 1,000 in Kano aka nufa. In akwai aikin birki a yi shi tun da sauran makonni, a yi ta yawo da motar cikin gari a ga halinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya kuma dawo da mu lafiya, amin.